Giyar Daji

Ƙarya ɗaya na yi aka ɗauke ni aikin, kuma ba wata doguwa ba ce. Alhaji ya tambaye ni, "Ka taɓa tuƙa mota marar kuloci?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe." Alhali ko leƙa cikin irinta ban taɓa yi ba.

Lokacin an yi kamar shekara uku da komawa tuƙin hannun dama. Ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, mu uku a ɗaki ɗaya, ni da wasu leburori biyu masu aikin gini. Shekarata shida a kan sitiyari. Da gingimari na fara, ina kwaso gyaɗa daga ƙauyuka, daga baya na koma jan tasi ta wani mutumin Fagge. Giya dai na san ta ciki da bai. Ko kuloci ya mutu ina iya kai mota gida da kunne kawai, in saurari inji in zura giya ba tare da ta yi ƙara ba, kuma na kan yi fariya da haka fiye da yadda ya kamata.

Matata tana ƙauye a wajen iyayena. Shekara biyu da aurenmu, amma in aka haɗa kwanakin da muka yi tare ba za su cika wata uku ba. Ina zan kawo ta? Tsakanin ƙarti biyu da buhunan sumunti? Aikin Alhaji kuwa da ɗaki yake tafe, ɗakin direba a gefen gida, da ƙofarsa daban, ga famfo a tsakar gida. Matata daga rijiya mai gaba goma sha take jan ruwa, tafin hannunta duk kanta. Ba motar nake so ba, ɗakin nan nake so, shi ya sa bakina ya riga hankalina.

Alhaji ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa a Kantin Kwari. Haifaffen cikin birni ne, amma sai ya fito ya gina bene a Tarauni tun wurin yana gonaki, ya shafa masa shuɗin fenti. Shi kaɗai ne bene a wajen, tun daga bakin titin Zariya ake hango shi. Motar kuwa a hannun wani Bature ya saye ta da zai koma ƙasarsu, doguwa ce, ruwan madara, kujerunta kamar na falo. Shi Alhaji bai iya tuƙi ba, bai ma taɓa sha'awar koya ba.

Ranar farko Allah ya rufa min asiri. Ya miƙo min makulli ya ce in je in sha mata mai, in wanke ta, ba zai fita ba sai gobe. Na shiga na zauna, na kai hannu inda sandar giya take zama, na damƙo iska. Ashe a jikin sitiyari take. A sama da ita akwai wata 'yar taga da jan tsinke a ciki, da haruffa a jere: P, R, N, D, 2, L. Na leƙa ƙasa, abin takawa biyu ne kacal, birki da totur. Nan take zufa ta karyo min, ga mai gadi yana tsaye ya buɗe ƙofa yana jira in fita.

Yadda na fita daga gidan nan Allah kaɗai ya sani. Na lallaɓa da ita zuwa wani fili a bayan Darmanawa inda babu kowa sai awaki. Da na zo tsayawa, ƙafata ta hagu ta tafi neman kuloci kamar yadda ta saba, ta sami birki ta danne shi da iya ƙarfinta. Goshina ya daki sitiyari har na ga wuta. Sau uku ta yi min haka. A na huɗu na cire takalmin na lanƙwashe ƙafar a ƙarƙashin kujera, na ce ta zauna nan tunda ba ta da aikin yi.

Sai haruffa. A nan ban ji tsoro sosai ba, domin ni ba jahili ba ne. Na yi ajin yaƙi da jahilci a garinmu rani biyu, har da takardar shaida, kuma da hannuna nake rubuta wa matata wasiƙa, malamin firamare ya karanta mata. Na ce harafi ai farkon kalma ne, sai in bi su ɗaya bayan ɗaya. P na gan shi a allunan bakin titi inda ake fakin, na sa, mota ta kafe. Daidai. R na sa, ta ja da baya, ribas ke nan. Daidai. N na sa, inji yana kuka mota ba ta motsi, wato firi. Harafin bai zo daidai ba, amma na ce wataƙila "nan" ake nufi, tana nan ba ta je ko'ina ba. L ta ja da ƙarfi a hankali kamar gingimari ta ɗauko kaya, na ce lodi. Biyu kuma lamba biyu ce, ba sai an gaya min ba.

Saura D. Da na sa ta na taka totur, mota ta tafi sumul, can sai na ji ta canja giya da kanta. Kafin in gama mamaki ta sake canjawa, ta miƙe, awaki suka watse. Abin ya ba ni tsoro ƙwarai. Mota tana yanke shawara ba da ni ba! Na tuna cunkoson Kwari, kekuna da 'yan amalanke da tsofaffi masu tsallaka titi ba su duba ba. Na ce babu mai hankalin da zai saki mota haka a cikin mutane. Wannan giyar ta fili ce, ta inda babu kowa, ta doguwar hanya. Sai kalmar ta faɗo min, na ji daɗi har na daki cinyata: daji. A gari lamba biyu, in an fita gari a sa Daji. Na koma gida ina jin babu wanda ya kai ni basira a Tarauni.

A makon nan aka ba ni ɗakin. Na share shi, na wanke, na sayo sabon bokiti da tabarma. Na zauna na rubuta wasiƙa mai tsawo, na kwatanta mata komai, benen da shuɗin fentinsa, da famfon da ake murɗawa ruwa ya zubo. Na ce ta fara shiri, da zarar an gama sussukar dawa a gida direban motar garinmu zai kawo ta, ya sauke ta a mararrabar Tarauni. Shi ne dama yake kai min wasiƙa, sau ɗaya a mako yake shigowa Kano.

Da a ce Alhaji irin masu kuɗin nan ne da suke zama a baya su rufe ido, da wataƙila labarin bai kai haka ba. Shi mutum ne mai son sanin komai. A gaba yake zama, kusa da ni, carbi a hannu, idonsa a kan duk abin da na taɓa. Kwana uku da farawa muna hanyar kasuwa ya nuna 'yar tagar nan ya ce, "Direba, waɗannan baƙaƙen me suke cewa?"

Na gyara murya na karanta masa su kamar malami. Fakin, ribas, nan, daji, lamba biyu, lodi.

"Daji?" in ji shi.

"Daji, ranka ya daɗe. Gari da giyarsa, daji da giyarsa. Ba a haɗa su."

Ya girgiza kai ya ce, "Kai, Bature da hikima yake. Wato ita kanta ta san inda take." Sai kuma ya juyo da sauri. "To daga ina dajin yake farawa?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. A raina da an wuce Ƙofar Nasarawa titi ya miƙe, ai an fita. Amma na ga yadda ya tsare ni da ido, sai na tuna inda ya gina gidansa. Na ce, "Sai an wuce Unguwa Uku, ranka ya daɗe." Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

Ashe wani ƙaiƙayi na sosa masa. Abokansa na cikin birni sun daɗe suna tsokanarsa a kan gidan nan. Wanda ya fi matsa masa wani Alhaji ne mai sayar da goro, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda in sun haɗu sai ya ce, "Mutanen daji, ya kuka kwana da kuraye?" Ran nan bayan la'asar ina zaune a bakin kanti na ji Alhaji yana ba majalisa labari da babbar murya. Ya ce motarsa tana da giyar gari da giyar daji, kuma har ƙofar gidansa da giyar gari take zuwa. "Ga shaidata can a waje," in ji shi. "Ƙarfe ba ya ƙarya. In Tarauni daji ce, ku tambaye ta." Aka yi ta dariya, wasu suka fito suka leƙa ta taga suna neman harafin. Ni ma aka kira ni na tabbatar. Na tabbatar.

Daga ran nan maganar ta zama ta Alhaji, ba tawa ba. Duk baƙon da ya ɗauka sai ya nuna masa. In za mu Zariya kuwa, da mun wuce Unguwa Uku shi da kansa yake ɗaga hannu ya ce, "To, direba, sa mata Daji."

Motar ce ba ta yarda ba. Tun daga Ƙofar Nasarawa har Gyaɗi-Gyaɗi titi a buɗe yake, Alhaji kuma ba ya son jan jiki. A lamba biyu sai ta riƙa ruri kamar ana yanka ta, sitiyari yana rawa a hannuna. Mai kuwa kamar ana zubarwa a ƙasa. Da bazara ta kama, tsinken zafi ya fara wuce tsakiya, wani ƙauri-ƙauri yana tasowa ta ƙarƙashin kujera. Na fara shan jinin jikina. Kullum da safe sai na buɗe bonet na duba ruwa, na duba baƙin mai, komai lafiya, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Abinci ya daina yi min daɗi. Da Alhaji ya tambaya na ce motar ƙasar sanyi ce, ba ta saba da ranarmu ba. Ya ce in kai ta wajen bakanike.

Bakaniken nan mutumin kudu ne, Kirista, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa ta ƙauye gogewa. Garejinsa a gindin wata darbejiya yake a bakin Tarauni, kuma shi yake duba motar tun tana hannun Bature. Bai taɓa inji ba. Wani dogon ƙarfe ya zaro daga can baya wanda ban ma san da shi ba, ya goga a yatsa, ya sansana, ya yamutsa fuska.

"Malam direba, man giyar nan ja ne kamar zoɓo. Dubi yadda ya koma. Wa ya dafa shi?"

Na ce ban sani ba.

"To shiga ka tuƙa ni."

Muka hau titi. Na sa lamba biyu na taka. Ya saurara, ya kalli tsinken, ya kalle ni. Ya bari muka yi nisa kaɗan sannan ya ce, "Me ya hana ka sa ta a D?"

Na ce, "Ai ba mu fita gari ba."

"Ban gane ba."

Na yi masa bayani, amma tun ina tsakiyar magana na ji muryata tana raguwa. Bai yi dariya nan take ba, sai da ya ce in tsaya a gefe. Sannan ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa, har hawaye. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ya natsu ya goge ido ya ce, "Yi haƙuri, ba kai nake wa ba. Wallahi kanka yana ja, huɗu ka ci daidai ba wanda ya koya maka. Amma D ɗin nan ba daji ba ne. Dirayib ne, tuƙi da Turanci. Daga nan aka samo sunan aikinka. D ɗin nan kai ne, direba." Ya ce a nan ake barin ta, gari da daji, safe da yamma, ita ta san lokacin da za ta canja. Lamba biyu ta gangaren dutse ce, irin na hanyar Jos, ko in an shiga taɓo. L kuma sai ta kafe a yashi. Gudu a lamba biyu kuwa, in ji shi, kamar ka sa mutum tsere ne ƙafarsa a ɗaure.

Ya zubar da man ya zuba sabo. Ina tsaye a kansa ina ta juya hula a hannu, daga ƙarshe na ce, "Oga, don Allah kada Alhaji ya ji."

Ya ce, "Ni ba zan kai ƙararka ba. Amma ka ji da kyau. Akwatin giyar nan babu irinsa a Kano. Wannan karon ta sha. In ta dawo min da ƙaurin nan, Alhaji zai tambaye ni dalili, ni kuma ba zan ɗauki laifin da ba nawa ba."

Na dawo da ita a D tun daga garejin har gida. Ba ruri, ba rawa, tafiya take kamar a kan ruwa. Maimakon in ji daɗi sai damuwata ta ƙaru, domin yanzu na san gaskiya kuma ban san inda zan kai ta ba. Da a ce ni kaɗai na yi kuskuren, da sai in durƙusa in ce na tuba. Amma Alhaji ya riga ya ɗauki maganata ya kai kasuwa, ya kafa ta shaida a gaban sa'anninsa. Gaya masa gaskiya daidai yake da ce masa wata biyu ke nan yana yawo da ƙaryar ɗan ƙauye a baki.

A makon nan direban garinmu ya kawo min saƙo, an gama sussuka, ranar Asabar ta sama zai taho da ita. Kwana goma sha ɗaya ke nan.

Na zama mutum biyu. In an aike ni ni kaɗai, ko na kai mutanen gida unguwa suna baya, D nake sawa. In Alhaji yana ciki, lamba biyu, ina tafiya a hankali, ido ɗaya a titi ɗaya a tsinken zafi, hancina yana neman ƙauri. Ya fara ƙorafi wai na zama tsoho a tuƙi. Sau uku na shirya zan gaya masa. Na farko na buɗe baki sai ya fara lazimi. Na biyu na ce, "Ranka ya daɗe," ya ce, "Na'am," na ce taya ta baya tana son iska. Na uku ban ma buɗe bakin ba.

Bari in faɗi abin da yake raina a lokacin, ko da ba mai kyau ba ne. Lissafina shi ne in lallaɓa har ta iso. Na san Alhaji, zai iya korar gwauro da yamma ɗaya, amma zai ji nauyin fitar da matar aure da kayanta a titi. In ta kwana biyu a ɗakin, ta gaisa da mutanen gida, sai in sami ranar da yake cikin nishaɗi, mu biyu kawai, in gaya masa. Kullum da asuba sai na ƙirga kwanakin da suka rage, kamar mai zaman kurkuku.

Saura kwana biyu, ranar Alhamis, aka yi ɗaurin auren 'yar wani abokinsu a Darmanawa, bayan azahar. Alhaji ya makara a kanti. Muka fito daga Kwari rana tana tsakiyar dukanta, shi a gaba, mai goro da wani dattijo a baya. Alhaji ne zai karɓi auren a madadin dangin ango, ba za a fara ba sai da shi. Da muka wuce Ƙofar Nasarawa ya duba agogo ya ce, "Direba, yau ba ranar rarrafe ba ce. Taka ta."

Na taka kaɗan. Ta fara ruri.

"Na ce ka taka!"

Na ƙara. Sitiyari ya kama rawa, tsinken zafi ya tashi tsaye ya fara karkata. Gumi yana shiga min ido. Ina jin maganar bakanike a kunnena, babu irinsa a Kano. Sai ga ƙaurin nan, siriri, ya taso ta ƙarƙashin kujera. Ban san lokacin da na yanke shawara ba, hannuna ne ya yanke. Na ɗaga sandar da yatsa biyu, jan tsinken ya matsa gida ɗaya.

Shirun ne ya tona min asiri. Rurin ya ɗauke ɗif, mota ta miƙe, har ana jin kaɗawar carbin dattijon da ke baya. Alhaji ya sunkuyo ya leƙa 'yar tagar.

"Kai! Daji ka sa mata? A nan? Ko Gyaɗi-Gyaɗi ba mu kai ba!"

Mai goro ya turo kai tsakanin kujeru. "Af, Alhaji, ashe tun daga nan dajin naku ya fara?"

"Kuskure ya yi," in ji Alhaji, muryarsa ta yi kauri. "Mayar da ita giyar gari."

Na sha tuna wannan wurin. Hanyar tsira a buɗe take. Da na ce hannuna ne ya goce, na mayar, na yi addu'a ta kai mu Darmanawa, wataƙila da ta kai. Hannuna ma yana kan sandar. Amma ƙaurin yana hancina, kuma shekara shida ban taɓa kashe motar mutum ina sane ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, in na mayar za ta ƙone."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Babu giyar daji, ranka ya daɗe. Ni na ƙirƙiro. Harafin nan tuƙi yake nufi da Turanci, a nan ake barin ta ko'ina. Bakanike ne ya gaya min." Tunda na fara sai sauran ya biyo. "Kuma ban taɓa tuƙa irinta ba sai a gidanka."

Muka wuce wata motar itace. Sannan mai goro ya koma ya jingina, ya ce a hankali, "To, Alhaji, shaidarka ta janye." Dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi yana dukan bayan kujerata, dattijon ma ya kasa riƙewa. Ban da Alhaji. Ya kafe titi da ido, carbin ya tsaya a hannunsa. Na saci kallonsa sau ɗaya na ga wata jijiya ta tashi a gefen goshinsa. Motar kuwa tafiya take lafiya lau, tsinken zafi yana sauka, kuma mun isa a kan lokaci.

Ina cikin mota a bakin wurin ɗaurin auren na ga mai goro yana jan mutane gefe ɗaya-ɗaya. Kafin a shafa fatiha na ga ana waiwayen motar ana murmushi.

Da muka dawo gida, dab da magariba, Alhaji bai shiga ciki ba. Ya tsaya a zaure ya miƙo hannu, na sa masa makulli. Na durƙusa.

Ya ce, "Yaushe bakanike ya gaya maka?"

"Kwana tara ke nan."

"Kwana tara." Ya jinjina kai. "Shekaranjiya ina gabanka na sake faɗa wa baƙi daga Katsina. Kana ji. Ka yi shiru."

"Tsoro ne, ranka ya daɗe. Iyalina za su zo jibi."

"Motar ba ta dame ni ba, da ta ƙone sai in sayi wata. Ƙaryar farko ma zan iya yafewa, mai neman abinci yana faɗin abin da ya fi wannan. Amma mu biyu muke wuni a motar nan. Ka rasa inda za ka gaya min sai a gaban mutumin can?" Bai ɗaga murya ba ko kaɗan, da ya ɗaga da na fi jin sauƙi. "Ba zan iya zama kusa da kai ba kuma. Duk sanda na kalli hannunka zan tuna. Ka kwana, gobe ka kwashe kayanka. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Na ba shi haƙuri har muryata ta dishe. Washegari na roƙi limamin unguwa ya sa baki, ya je ya dawo ya ce in yi haƙuri. Na naɗe tabarmata, na sa akwatina a ka, na riƙo bokitin, na koma Gyaɗi-Gyaɗi. Leburorin nan suka matsa min wuri ba su tambaye ni komai ba. Mahaifiyar mai gidan da muke haya, wata tsohuwa mai kirki, ta ce matata ta zauna a ɗakinta kafin Allah ya kawo mafita. Babu hanyar aika saƙo ƙauye, motar da za ta kai shi ita ce za ta kawo ta.

Ranar Asabar tun hantsi ina tsaye a mararrabar Tarauni. Na shirya maganar da zan yi mata ta fi kala goma, kowacce na gwada a baki sai in ji ba ta faɗuwa. Wajen azahar motar ta tsaya. Aka sauko mata da ƙullin kaya da kwalla da 'yar tukunya. Ta sha lalle hannu da ƙafa, ta ɗaura zanen da na aika mata da sallah. Ta durƙusa ta gaishe ni tana sunne kai, tana murmushi.

"Ka rame," in ji ta.

Na ce zafin birni ne. Na ɗauki kwallar, ta ɗora ƙullin a ka. Kafin in juya da ita ta ɗaga ido ta hango benen.

"Laa, ga shi can! Shuɗi, kamar yadda ka ce."

Ta yi gaba da sauri, ina bin ta ina kiran ta a hankali, ba ta ji ba. Ƙofar gidan a buɗe take. Wani mutum da ban sani ba yana wanke motar, ya bar famfo yana zuba a ƙasa. Ta tsaya tana kallon ruwan, bakinta a buɗe.

"Haka yake zuba? Ba a ja?"

Na ce haka yake zuba.

Ta gyara ƙullin a kanta, ta yi bismillah, ta ɗaga ƙafar dama za ta shiga. Na kama bakin mayafinta.

"Ba nan ba ne," na ce. "Mu je, da sauran tafiya."